Kufan Zungeru Na Jiran Mai Ba Da Labari

Babu tashar jirgin ƙasa a Kontagora. Layin dogon da ya taso daga Legas ya haye kogin Kwara a Jebba, ya bi ta Mokwa, ya karkata zuwa Zungeru da Minna, ya bar birnin Sarkin Sudan can arewa da shi. Shi ya sa yaro zai iya tashi a Kontagora har ya gama sakandare bai taɓa jin kukan jirgi ba, in kuma aka ɗauko zancen reluwe sai ya ɗauka labarin wasu ne, na mutanen Minna ko Kaduna ko Kafancan. Alhali kuwa dogon farko da aka shimfiɗa a duk faɗin Arewacin Najeriya, a ƙasar masarautar Kontagora aka shimfiɗa shi, tsakanin Zungeru da Wushishi, a 1901, shekara 10 kafin jirgi ya shiga Kano.

Zungeru tana cikin ƙaramar hukumar Wushishi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 da ke ƙarƙashin masarautar, tare da Kontagora da Mariga da Magama da Mashegu da Rijau. Duk mutumin Kontagora da ya taɓa zuwa Minna ta Tegina ya ratsa ta cikinta. Ma'aikaci mai bin takardar ƙarin girma ya ratsa, ɗalibi ya ratsa, ɗan kasuwa ya ratsa. A tsaya a sayi abin taɓawa, a yi salla, direba ya danna oda, a wuce. Kaɗan ne suka taɓa sauka su taka zuwa tashar jirgi, ko tsofaffin kwatas na ma'aikatan reluwe, ko tsohuwar gadar ƙarfe da ke kan kogin Kaduna, ko ginshiƙan da suka saura na gidan Gwamna Lugga, ko maƙabartar Turawa, ko tsohuwar cocin garin. Daga wannan ɗan fili aka mulki Arewa baki ɗaya tun daga 1902 har zuwa lokacin da aka kwashe hedikwata zuwa Kaduna, tsakanin 1916 da 1917.

Wanda ma ya sauka, abin da zai tarar sananne ne. Zai tambayi ɗan acaba, ɗan acaba ya ɗauke shi cikin mutunci ya kai shi gaban wasu ginshiƙai a cikin ciyawa, ya nuna masa da hannu cewa ga gidan Lugga nan. In baƙo ya ƙara tambaya, yaushe aka gina, wa ya ɗauko duwatsun, ina rufin ya tafi, sai zance ya fara cakuɗewa. Ba laifin yaron ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa. An ce gani ya kori ji, amma a kufai gani kaɗai ba ya ƙosar da kowa. Mutum zai yi tsaye minti biyar, ya ɗauki hoto da waya, ya koma mota da tunanin cewa babu komai a wurin. Kullum in an tashi kuka kan Zungeru, siminti da kwano da kasafin kuɗi ake ambata, kuma gaskiya ne ana bukatarsu. Ni dai a ganina akwai abin da ya riga su zama dole, wanda kuma bai kai su tsada ba: mutum mai sani da zai tsaya a wurin ya yi wa baƙo jagora, ko da ranar Asabar ce kawai, ko da ba a biyansa.

Abin da jagoran zai fara faɗa

Zai fara ne da ruwa, domin kafin dogo kogi ne hanyar Bature. Kayan da aka sauke a bakin teku sai an hau Kwara da su zuwa Lakwaja, a wuce zuwa Muregi inda kogin Kaduna ya faɗa Kwara, sannan a shiga Kaduna a yi ta haurawa. Da Lugga ya ga Jebba ba ta yi masa ba a matsayin hedikwata, ya zaɓi Zungeru, sai aka ci karo da matsala: jiragen ruwa ba sa iya kaiwa garin, iyakarsu wajen Wushishi, in rani ya yi ruwa ya ja baya kuwa ko nan ɗin sai da ƙyar. Maganin da aka samo shi ne ɗan siririn dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daga Zungeru zuwa Wushishi, mil 12. A 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko, inda ruwa ya fi zurfi, tsawonsa ya kai kimanin mil 22. A kansa aka yi ta jigilar kwanon rufi da katako da akwatunan takardu da harsasai. Ƙaramin abu ne in aka gwada shi da abin da ya biyo baya, amma shi ne na fari.

Daga nan dole zance ya biyo ta Kontagora, don Bature bai iya zama a Zungeru ba sai da ya gama da Kontagora da Bida. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, kuma gidansa ne ke sarautar Wushishi. A farkon 1901 sojan Turawa suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim ya fita ya nufi ƙasar Zazzau da rundunarsa. A 1902 Kyaftin Abadie, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya kama shi. Aka kai shi Lakwaja, aka wuce da shi Yola, sannan a 1903 Turawan da kansu suka maido shi kan gadonsa, ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1929. Wurin da gidan Mai Jimina yake a Wushishi yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, haka ma kufan gidan gwamna a Zungeru. Mutum nawa ne a Kontagora suka san cewa gidan wanda ya kama kakan sarakunansu yana nan cikin ƙasarsu, har gwamnatin tarayya ta yi masa rajista?

Daga Zungeru ne aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris na shekarar. Nan labarin tawayen Satiru ya iske Lugga a 1906, nan kuma aka ba da umarnin abin da aka yi wa mutanen Satiru. Wanda ya tsaya gaban waɗannan ginshiƙai yana tsaye ne a inda aka yanke wa Daular Usmaniyya hukunci. In an gaya masa haka, ba zai ƙara kallonsu da idon da ya zo da shi ba.

Su wa suka haƙa?

Babban dogon ya zo ne bayan tafiyar Lugga ta farko. A 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard, injiniyan soja haifaffen Kanada wanda ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan, ya gaje shi. A wannan shekarar aka amince da layin Baro zuwa Kano, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, tsawonsa sama da mil 350. Ya tashi daga Baro a bakin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Layin Legas kuwa ya iso Jebba a 1909, ya haye kogin Kaduna a Zungeru, ya haɗe da na Baro a Minna. A 1912 aka haɗa hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗa ƙasar kanta. Gadar Jebba sai a 1916 aka kammala ta. Kafin nan a kan jirgin ruwa ake haye da taragai.

Littattafan Turawa sun yaba wa layin Baro da sauri da arha. Arhar tana da dalili, kuma wannan dalilin ne nake so kowane jagora ya riƙe da kyau. Babu katafila a lokacin. Duk tudun da aka fasa da duk kwarin da aka cike, da diga da shebur da kwando aka yi, a kan mutane. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗibar leburori. Razdan ya faɗi adadin da yake so, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gari ya nuna wanda zai tafi. Mutum ya bar gonarsa ya yi makonni a bakin aiki, a sallame shi a kawo wasu. Ana biyansu da kuɗin Bature na ƙarfe, kuɗin da za su juya su biya haraji da shi, ta haka kuma sulalla suka fara ture wuri a kasuwanni. Garuruwan da ke kan hanya su ne masu kawo hatsin ciyar da sansani. Nufawa suka fara ɗanɗanawa, sai Gbagyi, sai mutanen Zazzau da Kano. Ba kowa ya yi shiru ba. A 1909 mutanen Gusoro, garin Gbagyi a yankin Kuta, suka yi tawaye suka kashe wani Baturen mulki da 'yan sandan da ke tare da shi, aka aika musu da soja. A Zariya kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya ga aikin da idonsa har ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga.

A maƙabartar Turawa ta Zungeru akwai kaburbura masu allo, da suna da shekara. Waɗanda suka ɗauki kwandon ƙasa ba su da allo. Bakin jagora ne kaɗai wurin da za a ambace su. Wannan ita ce amsata ga masu cewa me ya kai mu adana kayan mulkin mallaka, a bar su su rushe mana. Bature ya zana, ya ba da umarni, ya tafi. Guminsa bai kai na kakanninmu ba a cikin wannan gini da wannan dogo. In mun bar su sun ɓace, shaidar wahalar namu muka binne.

Sai dai gaskiya ba ta da gefe ɗaya, kuma jagoran da ya fito daga Kontagora zai fi kowa jin nauyin wannan. A Zungeru Turawa sun buɗe gidan renon yaran da aka ƙwato daga bauta a shekarun farko na mulkinsu. Yaran nan daga wani wuri aka kamo su. Hare-haren da aka riƙa kaiwa daga Kontagora kan Gbagyi da Kambari da Kamuku da Dakarkari abu ne da ke rubuce, yana kuma cikin bakin tsofaffi. A cikin 'yan makarantar da za su tsaya gaban jagora akwai jikokin kowane ɓangare, aji ɗaya, benci ɗaya. Aikinsa ne ya faɗi abin da ya faru da harshe mai ladabi, ba tare da ya ci mutuncin gidan sarauta ba, ba kuma tare da ya share hawayen wasu da ƙarya ba. Wannan ya fi haddace shekaru wuya nesa ba kusa ba, kuma ba a koyonsa sai a gaban mutane.

Abin da dogon ya haifar kowa ya ji shi. Masu masaƙu a Ingila auduga suka sa rai, manoman Kano suka ba su gyaɗa, daga 1912 kasuwarta ta buɗe, aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Minna da Kaduna suka tashi daga ƙauyuka suka zama birane. Akawuna da masu gyaran inji da masu buga tangaraho suka zo daga kudu, daga Saliyo, daga Gwalkwas, suka hayayyafa a nan. A Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba 1904, mahaifinsa akawun gwamnati ne, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa. A nan aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. A Minna aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, da Ben Okri a 1959, wanda mahaifinsa akawun reluwe ne.

Garin da aka kwashe

Abin da ya sa Zungeru ta fi sauran wurare bukatar baki shi ne, an kwashe ta ɗaya bayan ɗaya. Da babban layi ya iso, ɗan dogon Wushishi ya zama ba shi da amfani, aka tumɓuke shi, kayansa suka tafi aikin siririn layin da ya haɗa Zariya da ma'adinan kuza na Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Hedikwata ta koma Kaduna. 'Yar gadar ƙarfen da Lugga ya gina a 1904 aka kwance ta a 1954 aka kai Kaduna, tana can a lambun Gamji mutane na ɗaukar hoto a kanta. Kan jirgin farko na layin Wushishi yana Minna. Takardun mulkin suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, wasu a Landan. A 2014, da aka yi bikin cika shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa, an yi ta ambaton Zungeru a jawabai, biki ya watse, ciyawa ta ci gaba da aikinta. Ginin da aka fara don tunawa da Azikiwe ya daɗe yana jiran a kammala shi. Yau in an ambaci garin a labarai, galibi saboda madatsar ruwa mai ba da megawat 700 ne.

Inda babu mai sani, ƙarya ce ke cike gurbi, kuma ƙaryar ƙauna ta fi wuyar cirewa. Za ka ji ana cewa a Zungeru matar Lugga ta raɗa wa Najeriya suna. Flora Shaw ta rubuta sunan ne a jaridar The Times ta Landan a watan Janairu na 1897, shekara 5 kafin ta auri Lugga, kafin ma a san za a yi bariki a Zungeru. Ta zo garin a 1902 bayan aurensu, rashin lafiya ya mai da ita gida ba da daɗewa ba. Za ka ji ana nuna wani wuri ana cewa nan aka sa hannu a kan takardar haɗe ƙasa. Dokokin haɗewar a Landan aka yi su, Lugga kuma a Legas ya karanta jawabinsa ranar 1 ga Janairu 1914, Zungeru tana matsayin hedikwatar Arewa a ranar. Wannan matsayin ya ishe ta alfahari. Jagoran kirki ba ya ƙara wa miya gishiri don baƙo ya ji daɗi, domin wata rana malamin tarihi zai zo cikin baƙin, in ya kama ƙarya ɗaya ya daina yarda da sauran.

Inda aka gwada

Ba sabon abu nake kawowa ba. A harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas akwai wani bene na katako da bulo da aka gina a 1898, wanda manyan jami'an reluwe suka zauna a ciki. Ya lalace har ya kusa faɗuwa. Wata ƙungiyar masu kishin tarihi mai suna Legacy, wadda aka kafa a 1995, ta nemi izinin hukumar jiragen ƙasa, ta gyara shi ƙarƙashin jagorancin masanin zanen gine-gine Farfesa John Godwin, a 2010 ya zama ɗan gidan tarihi. Ana kiransa Gidan Jaekel, don tunawa da Francis Jaekel, tsohon jami'in reluwe da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Najeriya cikin juzu'i 3. A ciki akwai tsofaffin hotuna da kayan aiki, 'yan makaranta na zuwa, masu shirya fim na zuwa. Ba ma'aikatar gwamnati ce ta fara wannan ba, mutane ne masu ayyukansu suka ba da lokacinsu.

A yankin Wels na Birtaniya kuma akwai wani ɗan layi mai suna Talyllyn, wanda ya ma fi na Wushishi siranta, ƙafa 2 da inci 3. Da mai shi ya rasu aka ga za a rufe, sai wasu masu sha'awar jirgi suka haɗu a 1951 suka karɓe shi. Shi ne layin farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto suka ci gaba da gudanarwa, har yau kuma yana aiki. Malamin makaranta ne mai sayar da tikiti ranar hutunsa, likita ne mai zuba kwal.

Na san abin da za a ce: waɗancan cikinsu a ƙoshe yake. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan magana ba. A lokacin da mudun masara ke neman gagarar mai albashi, ka ce wa matashi ya zo ya yi aiki kyauta, sai ka zo da hujja. Amma mu ba baƙin aikin sa kai ba ne. Wa ke biyan 'yan agaji da ke tsare hanya ranar Juma'a da ranar Idi? Wa ke biyan masu haƙa kabari, ko matasan da ke fitowa aikin gayya su yashe kwata kafin damina? Abin da ba mu saba ba shi ne mu ɗauki tarihi a matsayin abin da ya cancanci irin wannan hidima. Sannan sa kai bai hana baƙo ya ba da na goro ba. A ajiye asusu ɗaya, abin da ya shiga a sayi lauje da fenti da ruwan sha, a biya kuɗin motar wanda ya zo daga nesa, a rubuta komai a littafi kowa ya gani. Matashin da ya yi shekara yana tsayawa gaban mutane yana bayani da Hausa da Turanci, ya koyi abin da zai amfane shi a duk inda ya nemi aiki.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsaro. Hanyar Kontagora zuwa Zungeru ta Tegina take bi, kuma babu wanda ya manta da ɗaliban Kagara da aka sace a watan Fabrairu na 2021, ko yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu na shekarar. Babu shugaban makarantar da zai cika mota da yara ya hau wannan hanya don yawon buɗe ido, kuma ba zan ba shi shawarar ya yi ba. Saboda haka kada a fara da mafarkin Turawa masu kyamara. A fara da yaran Zungeru da Wushishi, waɗanda za su iya zuwa da ƙafa, da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke cikin garin, da ma'aikatan madatsar ruwa, da matafiyan da dama can sun tsaya. Na Kontagora kuwa, kafin hanya ta yi kyau, jagora na iya kai musu Zungeru har aji, da hotuna da taswira da muryoyin da aka naɗa a waya.

Yadda aikin yake a kusa

A ce ga yara ashirin a bakin dogo da safe. Jagoran da ya san aikinsa ba zai fara da lacca ba. Zai ce wa ɗaya ya tsuguna ya goge ƙurar da ke gefen ƙarfen da tafin hannu. A jikin dogo, can tsakanin kai da gindi, masana'anta kan fitar da sunanta da shekarar da aka narka shi, haruffa masu tudu da yatsa ke iya bi. Yaro ya karanta da ƙarfi, sauran su matso. Daga nan tambayoyi za su zo da kansu. Me ya sa aka girka dogon a kan ƙarfe maimakon katako? Saboda gara. Me ya sa aka bar 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe? Saboda zafin rana na sa shi miƙewa, kuma wannan tazarar ce ke ba da ƙarar da fasinja ke ji a ƙarƙashinsa. A kawo igiya a auna faɗin layin, ƙafa 3 da inci 6, sannan a naɗe ƙafa ɗaya a nuna musu faɗin na Wushishi. Yaron da ya auna da hannunsa ba zai manta ba.

A cikin tasha kuma akwai abin da littafi ba zai iya bayarwa ba sai wanda ya yi aikin. Layi ɗaya ne, jirgin Kano da na Legas duk a kansa suke, to me ke hana su karo? Tsohon ma'aikaci zai nuna yadda direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa alamar izini ta ƙarfe, wadda ke nufin babu wani jirgi tsakaninsa da tasha ta gaba, da yadda ake juya layi da hannu, da ma'anar jar tuta da koriya, da fitilar dare. Zai faɗi inda injin tururi ke tsayawa ya sha ruwa, da yadda kwal ɗin Inugu ya maye gurbin itace, da yadda injin dizal ya fara shigowa a shekarun 1950, wajen lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955. Zai tuna masu tallan da ke rayuwa da tsayuwar jirgi, da yadda gari ke sanin lokaci da kukansa. Irin wannan dattijo ba a tura masa takardar tambayoyi. Zuwa ake yi har gida, a gaishe shi, a ce Baba mun zo ɗaukar karatu, a zauna ƙasa.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Ɓarayin ƙarfe sun addabi layukan dogo a Arewa, ana kwance ƙusoshi da ƙarafan ƙasa ana sayar wa 'yan gwangwan, jami'an tsaro na kama tirela cike da su. Wurin da aka yi watsi da shi ne ɓarawo ke so. Tashar da ake share ta duk mako, wadda yaran gari suka san darajar kowane ƙarfe da ke cikinta, tana da masu gadi da yawa ba tare da an ɗauki ko ɗaya aiki ba.

Masu yin aikin suna nan. Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora na yaye malamai duk shekara, ga 'yan bautar ƙasa da ake turowa, ga malaman tarihi da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida da ilimi cike da ciki. Garin ma ba baƙon labari ba ne: Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, da ya tashi rubuta Ruwan Bagaja, a Kontagora ya zaunar da mai ba da labarinsa. Abin da ya rage shi ne izini da inuwa. Tasha da kwatas na hukumar jiragen ƙasa ne, kufan gidan gwamna na ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Minna, ƙasa da jama'a kuwa na sarakuna ne. Ƙungiyar matasa ita kaɗai za ta daɗe tana buga waɗannan ƙofofi. In takarda ta fito daga fadar Mai Martaba Sarkin Sudan, ta biyo ta hannun Sarkin Wushishi, buɗewarsu ba za ta yi wuya ba.

Gini na iya jiran kasafin baɗi, tsofaffin ma'aikata ne ba za su iya jira ba. Wanda ya kama aikin reluwe a 1975 yana ɗan shekara 20, yau ya kai 70 ko ya haura, waɗanda suka yi aiki da injin tururi kuwa sun girme shi. Suna Zungeru, suna Minna, suna Mokwa, wasu sun koma garuruwansu a kudu. Ƙungiyarsu ta 'yan fansho ta san gidan kowa. Matasa biyu da waya mai caji da littafin rubutu sun isa su fara a wannan makon: sunan dattijo, shekarar da ya kama aiki, tashoshin da ya zauna, sannan a bar shi ya yi magana har ya gaji, a koma washegari.